Ana Zaton Wuta a Maƙera: Tarihin Riba da Hasara a Sassan Kamfanonin Jinginar Gidaje na Amurka

Gabatarwa

A ranar 7 ga watan Satumba, 2008, Gwamnatin Amurka ta ba da sanarwar cewa ta karɓe ragamar wasu manyan kamfanoni guda biyu, watau Fannie Mae da Freddie Mac, ta sa su ƙarƙashin riƙon ƙwarya. A wannan lokaci bashin gidajen da kamfanonin biyu suka mallaka, haɗe da wanda suka tsaya wa, ya haura dala tiriliyan 5, watau kusan rabin dukkan bashin jinginar gidaje da ake bin mutanen ƙasar. Domin a gane girman wannan adadi, sai a tuna cewa biliyan ɗaya miliyan dubu ne, tiriliyan ɗaya kuwa biliyan dubu ne. Kafin ƙura ta lafa sai da Baitulmalin Amurka ya zuba wa kamfanonin fiye da dala biliyan 187 daga cikin dukiyar jama'a.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi diddigin kafar da waɗannan kuɗi suka zurare. Babban kamfani tamkar babban gida ne mai sassa da yawa, kowane sashe da irin sana'arsa, da irin ribarsa, da kuma irin haɗarin da ke tattare da shi. Jimlar da akan buga a ƙarshen shekara takan haɗe su duka wuri guda, ta yadda ribar wani sashe za ta rufe ɓarnar wani. Kowanne daga cikin kamfanonin nan biyu ya kasa harkokinsa gida uku: sashen lamunin gidajen iyali ɗaya, da sashen manyan gidajen haya, da sashen taska, watau inda kamfani yake juya kuɗin da ya ranto. Shekara da shekaru masana da 'yan majalisa suna fargabar sashe na uku, amma da masifa ta zo sai ta shigo ta sashe na farko, wanda kowa ya ɗauka shi ne mafi aminci. Za a fara da asalin kamfanonin, sa'an nan a bayyana aikin kowane sashe, kana a duba abin da lissafi ya nuna.

Asalin Kamfanonin

Kafin shekarar 1930, mai son sayen gida a Amurka yakan biya kusan rabin kuɗin gidan daga aljihunsa, sauran kuma ya ranta na tsawon shekara biyar zuwa goma. Galibi kuɗin ruwa kawai yakan riƙa biya, idan wa'adi ya cika sai a nemi uwar kuɗi gaba ɗaya, ko kuwa a sabunta masa rancen. Da tattalin arziki ya karye daga 1929, bankuna suka daina sabuntawa, mutane kuma ba su da abin biya, har ya kai a cikin 1933 ana ƙwace gidaje kimanin dubu a kowace rana.

Gwamnatin Shugaba Franklin Roosevelt ta tunkari matsalar ta hanyoyi da dama. A 1934 ta kafa hukumar da ake kira FHA, wadda take yi wa bashin gida inshora muddin an tsara shi na dogon zango, ana biyansa kaɗan-kaɗan kowane wata har ya ƙare. Sai dai bankin da ya ba da irin wannan rance kuɗinsa sun ɗaure ke nan na shekaru masu yawa. Domin warware wannan ne aka kafa Fannie Mae a 1938, a matsayin hukumar gwamnati, aikinta shi ne ta sayi bashin daga hannun banki, ta ba shi tsabar kuɗi, shi kuma ya sake ranta wa wani. Wannan ita ce ake kira kasuwa ta biyu, domin a cikinta bashin kansa ne hajar da ake saye da sayarwa.

A 1968, lokacin da yaƙin Biyetnam ya yi wa kasafin kuɗin ƙasa nauyi, gwamnatin Shugaba Lyndon Johnson ta raba hukumar gida biyu. Ginnie Mae ta zauna a hannun gwamnati, Fannie Mae kuwa aka mai da shi kamfani na masu hannun jari, don a fitar da bashinsa daga littattafan gwamnati. A 1970 Majalisa ta kafa Freddie Mac domin ya yi wa ƙananan bankunan ajiya da rance irin wannan hidima, ya kuma zama abokin takara. Shi ma daga 1989 aka shiga sayar da hannun jarinsa ga jama'a.

Daga nan ne aka sami wata halitta mai fuska biyu. Riba ta masu hannun jari ce, amma Majalisa ce ta ba da takardar izini, ta yafe wa kamfanonin harajin riba na jihohi da na ƙananan hukumomi, ta kuma ba Baitulmali ikon ranta wa kowannensu har dala biliyan 2.25. A jikin takardun bashinsu an rubuta ƙarara cewa gwamnati ba ta tsaya musu ba, amma masu ba da rance a duniya ba su taɓa gaskata wannan rubutu ba. Sun tabbata a ransu cewa idan rana ta ɓaci gwamnati ba za ta zuba ido ba, saboda haka suka riƙa ba kamfanonin rance da araha, kusan kamar yadda suke ba gwamnatin kanta. Wannan araha ita ce tushen duk ribar da za a ambata a gaba.

Sassa Uku da Aikin Kowanne

Sashe na farko shi ne na lamunin gidajen iyali ɗaya. Banki yakan tara basussukan gidaje masu yawa ya miƙa wa kamfani, kamfani ya ɗaure su dami guda, ya fitar da takardun shaida a kansu, a sayar wa masu zuba jari. Duk abin da masu gidaje suka biya a wata, sai ya bi ta hannun kamfani ya isa ga masu takardu. Freddie Mac ya fara fitar da irin waɗannan takardu a 1971, Fannie Mae ya bi sahu a 1981. Matsayin kamfani a nan matsayin mai tsaya wa ne: ya yi alkawari cewa ko da mai gida ya kasa biya, shi zai biya uwar kuɗi da ruwanta. Ladan wannan alkawari wata 'yar la'ada ce, wadda kafin 2008 ba ta wuce kimanin santi 20 a kan kowace dala 100 a shekara ba. Haɗarin wannan sashe guda ɗaya ne, watau masu gidaje su kasa biya alhali darajar gidajen ta faɗi ƙasa da bashin da ke kansu.

Sashe na biyu shi ne na manyan gidajen haya, waɗanda suke da mazaunin iyali biyar ko fiye. A nan mai cin bashi ɗan kasuwa ne, kuma kuɗin hayar da yake karɓa su ne abin dubawa. Wannan sashe shi ne mafi ƙanƙanta a cikin ukun.

Sashe na uku shi ne na taska. A nan kamfani yakan ranto kuɗi daga kasuwannin duniya da araha, ya sayi basussukan gidaje da takardunsu ya ajiye wa kansa, ya riƙa cin bambancin da ke tsakanin ruwan da yake biya da ruwan da ake biyansa. Misali, idan ya ranto a kan kashi 5 cikin ɗari, ya sayi bashin da ke kawo kashi 6, to dala 1 ke nan a kan kowace dala 100, watau ninki biyar na la'adar lamuni. Amma haɗarinsa yana cikin hawa da saukar kuɗin ruwa. Bashin gida na shekara 30 ruwansa a tsaye yake, alhali rancen da kamfani ya ci na gajeren lokaci ne, idan ruwa ya hau a kasuwa sai riba ta koma hasara. Idan kuma ruwa ya sauka, mai gida a Amurka yana da ikon ya biya tsohon bashinsa ya ɗauki sabo mai sauƙi, sai kamfani ya rasa hajarsa mai tsoka. Ta kowace fuska aka duba, sashen taska yana bukatar ƙwararru masu kulle-kullen kariya dare da rana.

Dalilin da Ya Sa Ido Ya Koma Kan Taska

Fargabar da aka yi wa sashen taska tana da tushe a tarihi. A ƙarshen 1979 Babban Bankin Amurka, ƙarƙashin Paul Volcker, ya ɗaura yaƙi da hauhawar farashi ta hanyar tsananta kuɗin ruwa, har ruwan bashin gida ya haura kashi 18 cikin ɗari a watan Oktoba na 1981. Fannie Mae a lokacin kusan duk harkarsa ta taska ce, yana riƙe da tsofaffin basussuka masu ƙaramin ruwa, yana kuma rantowa da tsada. Ya kai yana hasarar kimanin dala miliyan 1 a kowace ranar aiki, kuma da an sayar da kadarorinsa a lokacin da ba su biya bashinsa ba. Saukar kuɗin ruwa daga baya, da sassaucin da hukuma ta yi masa, da gyare-gyaren sabon shugabansa David Maxwell, su ne suka tsamo shi. Freddie Mac kuwa, da yake ya fi dogara ga lamuni, bai ji jiki sosai ba. Darasin da aka ɗauka daga wannan zamani shi ne taska ce mai kisa, lamuni kuwa lafiyayye ne.

Wannan darasi ya shiga cikin doka. Dokar 1992, wadda ta kafa hukumar sa ido mai suna OFHEO, ta wajabta wa kamfanonin su riƙe jarin da bai gaza kashi 2.5 cikin ɗari na abin da ke taskarsu ba, amma a kan abin da suka tsaya wa kashi 0.45 kacal aka nema. Ma'ana, santi 45 ne ke gadin kowace dala 100 ta alkawari. Dokar ta kuma ɗora musu wajibin ware wani kaso na harkarsu ga masu ƙaramin ƙarfi.

Duk da darasin 1981, daɗin riba ya ja kamfanonin zuwa ga taska. A 1990 abin da ke taskokinsu biyu bai kai dala biliyan 200 ba, amma a 2003 ya haura dala tiriliyan 1.5, kuma a waɗannan shekaru daga nan ne mafi yawan ribarsu take fitowa. Sai kuma aka bankaɗo maguɗin lissafi. A 2003 ta bayyana cewa Freddie Mac ya ɓoye ribar kimanin dala biliyan 5 don ya riƙa fito da ita sannu a hankali, masu hannun jari su ga kamar ribarsa ba ta tangarɗa. Shugabanninsa suka sauka, aka ci kamfanin tarar dala miliyan 125. A 2004 aka gano Fannie Mae shi ma ya karkatar da lissafinsa, shugabansa Franklin Raines ya bar aiki a watan Disamba, daga baya aka rage ribar da kamfanin ya yi iƙirari da dala biliyan 6.3, aka ci shi tarar dala miliyan 400 a 2006. Akasarin wannan maguɗi ya shafi yadda ake rubuta harkokin taska da kulle-kullen kariyarta ne.

Saboda haka da Alan Greenspan, shugaban Babban Banki, ya bayyana gaban Majalisar Dattawa a 2004 da 2005, abin da ya fi jaddadawa shi ne a taƙaita girman taskokin. A 2006 hukumar OFHEO ta yi wa taskar Fannie Mae iyaka, Freddie Mac kuma ya amince ya rage saurin faɗaɗa tasa. Kowa ya tsaya da guga a bakin maƙera.

Yadda Wuta Ta Tashi a Masaƙa

A daidai wannan lokaci wani abu yana faruwa a sashen lamuni. Daga 2004 zuwa 2006 manyan bankunan kasuwar New York suka shiga ɗaure nasu damman bashi ba tare da bi ta hannun kamfanonin biyu ba, suna karɓar basussukan da a da ba mai kallonsu. Rabon Fannie Mae da Freddie Mac a kasuwa ya ragu ƙwarai. Ga taska an sa mata takunkumi, ga abokan takara suna kwashe ciniki, ga masu hannun jari suna jiran riba. Shugabannin lokacin, Daniel Mudd a Fannie Mae da Richard Syron a Freddie Mac, suka zaɓi su bi kasuwa inda ta nufa.

Tsakanin 2005 da 2007 kamfanonin suka tsaya wa ɗimbin basussuka irin waɗanda ake kira Alt-A, watau rancen da aka ba mutum ba tare da cikakkiyar shaidar abin da yake samu ba, da kuma basussukan da ruwa kawai ake biya a shekarun farko. An yi wannan ne a daidai lokacin da farashin gidaje ya kai ƙololuwa, musamman a jihohin Kalifoniya, da Fulorida, da Arizona, da Nebada. La'adar da aka ƙara a kan irin waɗannan basussuka ba ta taka kara ta karya ba, domin lissafin da aka dogara a kansa ya ginu ne bisa zaton cewa farashin gidaje ba zai faɗi a duk faɗin ƙasa lokaci guda ba, tun da yake ba a ga haka ba tun zamanin karayar 1930.

Daga 2006 farashi ya fara sauka, bai tsaya ba sai a 2012, bayan ya zubar da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na darajarsa. Ƙaramin lissafi zai nuna abin da wannan yake nufi ga mai tsaya wa. A ɗauka cikin kowace dala 100 ta lamuni, masu dala 5 sun kasa biya, da aka sayar da gidajensu kuma aka yi hasarar sulusin kuɗin. Hasara ta kama dala 1 da santi 67 ke nan, alhali jarin da doka ta nema santi 45 ne, la'adar shekara kuma santi 20. A watan Fabrairu na 2010 basussukan da biyansu ya yi mummunan jinkiri sun kai kashi 5.59 cikin ɗari a Fannie Mae, da kashi 4.20 a Freddie Mac. A Fannie Mae basussukan Alt-A ba su wuce kimanin ushirin littafin lamuni ba, watau kashi ɗaya cikin goma, amma su ne suka jawo kusan rabin hasarar rashin biya a 2008. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

A lokacin bazarar 2008 darajar hannun jarin kamfanonin ta rushe, masu ba su rance kuma suka fara ɗari-ɗari, ciki har da manyan bankunan gwamnatocin Sin da Japan, waɗanda ke riƙe da takardunsu na ɗaruruwan biliyoyin daloli. A ranar 30 ga Yuli aka sa hannu a dokar da ta kafa sabuwar hukuma mai ƙarfi, FHFA, kuma bayan mako biyar da 'yan kwanaki shugabanta James Lockhart da Sakataren Baitulmali Henry Paulson suka sanar da riƙon ƙwarya. Baitulmali ya yi alkawarin cike giɓin kowane kamfani har dala biliyan 100, aka ninka adadin a 2009. A madadin haka ya karɓi ribar kashi 10 cikin ɗari a shekara a kan abin da ya zuba, da ikon mallakar kashi 79.9 cikin ɗari na hannun jari. Alkawarin da aka rubuta cewa babu shi, sai ga shi an cika shi.

Abin da Lissafin Sassa Ya Nuna

Fannie Mae ya yi hasarar dala biliyan 58.7 a 2008, da biliyan 72 a 2009, da biliyan 14 a 2010, da biliyan 16.9 a 2011. Freddie Mac ya yi hasarar dala biliyan 50.1, da 21.6, da 14, da 5.3 a waɗannan shekaru huɗu a jere. Waɗannan jimloli ne, ba su faɗi inda ɓarnar ta fito ba. Sai a watan Agusta na 2010 hukumar FHFA ta fitar da rahoton da ya warware su sashe-sashe. A ƙarshen 2007 jarin kamfanonin biyu a haɗe dala biliyan 71 ne. Daga nan zuwa tsakiyar 2010 abin da ya zaftare daga jari ya kai dala biliyan 226. Cikin wannan adadi, sashen lamunin gidajen iyali ɗaya shi kaɗai ya ci dala biliyan 166, watau kashi 73 cikin ɗari. Sashen taska, wanda aka shekara ashirin ana tsoro, ya ci dala biliyan 21, watau kashi 9. Ragowar ta rabu tsakanin sashen gidajen haya, da ribar da ake biyan Baitulmali, da wasu gyare-gyaren lissafi.

Sashen gidajen haya ya cancanci a tsaya a kansa. Ko a tsakiyar masifar, basussukansa masu mummunan jinkiri ba su kai kashi 1 cikin ɗari ba a kowanne daga kamfanonin. Hasarar da aka rubuta masa akasari ta fito ne daga wasu takardun rangwamen haraji na gidajen masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda suka zama ba su da amfani ga kamfanin da ba ya cin riba balle ya biya haraji. Dalilin wannan juriya yana cikin tarihi. Freddie Mac ya taɓa ƙonewa a wannan fanni a ƙarshen shekarun 1980, har ya janye daga kasuwar a 1990, bai dawo ba sai a 1993 da tsauraran sharuɗɗa. Fannie Mae kuwa tun 1988 ya kafa tsarin da bankin da ya ba da rance zai ɗauki kimanin sulusin duk hasarar da ta biyo baya. Bankin da ya san hasara za ta taɓa aljihunsa ba ya ba da rance da ka. A sashen gidajen iyali ɗaya kuwa, banki yakan sayar da bashi ya karɓi kuɗinsa ya kama gabansa.

Amma wajibi ne a yi hattara wajen karanta waɗannan alkaluma, domin bangon da ke tsakanin sassa akanta ne ya gina shi. Bisa ƙa'idar kamfanonin, ko da bashin gida yana ajiye a cikin taska, idan mai gidan ya kasa biya, a kan sashen lamuni ake rubuta hasarar, domin shi ne yake karɓar la'ada daga sashen taska a cikin gida. Wannan ya ƙara wa sashe na farko nauyi, ya rage wa na uku. Bugu da ƙari, taskar ba ta fita da hannu mai tsabta ba: ta sayi ɗimbin takardun bankunan New York masu ɗauke da raunanan basussuka, ta yi mummunar hasara a kansu a 2008, har hukumar FHFA ta kai bankuna 17 ƙara a 2011 a kan irin waɗannan takardu na kimanin dala biliyan 200. Abin da ya rage mata hasara shi ne, bayan gwamnati ta tsaya musu a fili, rance ya ƙara yi wa kamfanonin araha, taska ta koma cin riba mai yawa. Har ila yau, girman bashin da taska ta ci ne ya sa gwamnati ba ta da zaɓi sai ceto. Lamuni ne ya kawo hasara, amma taska ce ta sa hasarar ta zama barazana ga duniya.

An yi saɓani a kan laifin wajibin da dokar 1992 ta ɗora na taimakon masu ƙaramin ƙarfi. Kwamitin binciken da Majalisa ta kafa, a rahotonsa na Janairu 2011, mafi rinjayen wakilansa sun tafi a kan cewa kamfanonin sun ba da gudummawa ga masifar amma ba su ne tushenta ba, kuma neman riba da rabon kasuwa ne ya fi tura su. Peter Wallison, ɗaya daga cikin wakilan, ya saɓa, ya ɗora laifin a kan manufofin gidaje na gwamnati. Abin lura dai shi ne basussukan Alt-A, waɗanda suka fi ɓarna, galibinsu ba na matalauta ba ne, kuma basussukan da kamfanonin suka tsaya wa sun fi na bankunan New York inganci nesa ba kusa ba.

Bayan Riƙon Ƙwarya

A 2012 riba ta dawo: dala biliyan 17.2 a Fannie Mae, biliyan 11 a Freddie Mac. A 2013 adadin ya yi tsalle zuwa biliyan 84 da biliyan 48.7, sai dai mafi yawan wannan daga gyaran lissafin haraji ne da diyyar da bankuna suka biya, abin da ba ya maimaituwa. A watan Agusta na 2012 aka sauya yarjejeniya ta yadda kusan dukkan ribar kamfanonin za ta riƙa shiga Baitulmali. Kafin a sassauta wannan tsari a 2019, sun biya kimanin dala biliyan 300, alhali jimlar abin da aka zuba musu ta tsaya a kimanin biliyan 191. Masu hannun jari sun kai ƙara har Kotun Ƙoli, wadda a 2021 ta yi watsi da babban ɓangaren ƙorafinsu.

Fasalin sassan kansa ya sāke. An tilasta rage taska da kashi 10 cikin ɗari kowace shekara, daga baya aka mai da shi kashi 15, har kowace taska ta sauko ƙasa da dala biliyan 250 kafin ƙarshen 2018. La'adar lamuni ta ninka fiye da sau biyu. Daga 2013 kamfanonin suka fara sayar wa masu zuba jari wani kaso na haɗarin rashin biya, watau an ɗauko hikimar sashen gidajen haya an kai ta sashen iyali ɗaya. A ƙarshe sashen taska ya daina zama sashe mai cin gashin kansa a rahotannin kuɗi: Fannie Mae ya koma sassa biyu a 2016, Freddie Mac a 2021. A 2024 Fannie Mae ya ci ribar dala biliyan 17, Freddie Mac biliyan 11.9, mafi yawanta daga la'adar lamuni, kuma shekarar ta ƙare suna nan ƙarƙashin riƙon ƙwaryar da aka ce na ɗan lokaci ne.

Kammalawa

Wannan tarihi na Amurka ne, amma irin wannan gini ya iso Nijeriya. Dokar Asusun Gidaje ta Ƙasa ta 1992 ta tanadi a riƙa cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci a kai Bankin Jinginar Gidaje na Tarayya, wanda aka kafa a 1977. A 2013 kuma aka kafa kamfanin NMRC da tallafin Bankin Duniya, don ya zama kasuwa ta biyu ga bankunan jingina. Duk ma'aikacin da zai duba rahoton irin waɗannan hukumomi, da ɗalibin da zai gaje shi, suna da abin ɗauka daga abin da ya gabata.

Na farko, jimlar riba ba ta isa hujja ba sai an warware ta sashe-sashe, an kuma tambayi wanda ya shata iyakokin sassan da ƙa'idar da ya bi. Na biyu, alkawari bashi ne ko da bai bayyana a littafi ba. La'adar mai tsaya wa takan shigo kowane wata a natse, hasararsa kuwa takan jira shekara ashirin sa'an nan ta zo gaba ɗaya, saboda haka ribar shekarun lafiya ba ta nuna ko farashin lamuni ya yi daidai. Na uku, hukumar sa ido takan yi shirin yaƙin da ya wuce: dokar 1992 an rubuta ta ne da tunanin 1981, shi ya sa ta nemi dala 2 da rabi a ƙofar taska, ta bar santi 45 a ƙofar lamuni. Na huɗu, inda riba ta zama ta 'yan kasuwa, hasara kuma ta jama'a, to wajibi ne gwamnati ta faɗi alkawarinta a fili tun da wuri, ta sa masa farashi, ta kuma tanadi abin cika shi, domin ko ta faɗa ko ba ta faɗa ba, masu biyan haraji ne za a aika wa takardar biya.